Ni Na Karɓe Diga a Hannun Bulus

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana Tanko. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan je kabarinsa a bayan Kubwa, in yi masa addu'a, in cire ciyawa, in dawo gida ban ce wa kowa komai ba. Bana na kasa yin shirun. Ba kewa ce kaɗai ta sa na ɗauki biro ba, fushi nake yi, kuma mutum na farko da nake fushi da shi ni ne. Ɗan'uwanmu Bulus, tsaran Yaya Tanko kuma amininsa, yana kwance a Kado, jikinsa ya yi nisa. A ƙa'idar danginmu, idan ta Allah ta kasance a kansa, gidanmu ne zai haƙa masa kabari. Ni na kashe wannan ƙa'idar da hannuna, yanzu kuma ni ne nake roƙo a bar ni in yi masa aikin.

Sai na yi bayani, don na san yaran yanzu za su ce wane irin Musulmi ne ke neman haƙa wa Kirista kabari.

Mu Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke ce wa Gwari. Ƙauyenmu yana inda gidajen Gwarinpa suka shimfiɗu yanzu, kuma in muka bi ta wajen zan iya nuna maka shagon sayar da tayil da ke zaune a kan masussukarmu. Dangi ɗaya muke amma gida biyu, Gidan Tudu da Gidan Rafi, zuriyar wa da ƙani. Tun kafin a taɓa jin kiran salla ko ƙararrawar coci a wajen, gidan da aka yi wa mutuwa ba ya haƙa kabarin mamacinsa. Idan an mutu a Tudu, sai a gwada tsawon mamacin da karan dawa, a kai karan Rafi. Mai kaiwa ba ya buɗe baki. Duk wanda ya ga an shigo masa gida da kara ya san ya ajiye abin da yake yi ya ɗauki diga. Idan a Rafi aka mutu, karan Tudu yake zuwa. Na taɓa tambayar Yaya Tanko dalili ina ƙarami. Ya ce mini mutumin da ka san shi zai haƙa maka ramin ƙarshe, duk rigimar da kuka yi a kan iyakar gona, akwai maganar da ba za ka gaya masa ba.

Musulunci ya shigo Gidan Tudu ta hanyar wani Bahaushe mai sayen doya da ya yi shekaru yana sauka wajen kakanmu. Ba wa'azi ya yi ba. Kallonsa aka riƙa yi yana alwala, har aka fara tsayawa a bayansa. Kiristanci ya shiga Gidan Rafi domin a bakin rafin ne malamin mishan ya kafa rumfar karatunsa, yaran da suka fi kusa su suka fara shiga. Dukansu biyu da Hausa suka zo mana. Bulus da Hausa yake karanta Littafi Mai Tsarki, mu da Hausa ake fassara mana Alƙur'ani, a waje dukanmu mu ce Allah, a cikin gida mu kira shi da sunan da kakanninmu suke kiransa. Akwai tsofaffin da ba su bi kowane ɓangare ba har suka mutu, su ma an kai musu kara.

Addinan nan biyu sun zo sun tarar da ƙa'idar haƙa kabari, kuma ba su kashe ta ba. Gyara ta aka yi. Mutanen Rafi suka koyi kabarin Musulmi, babban rami da ƙaramin rami a tsakiyarsa daidai faɗin kafaɗa, da yadda ake saita shi don idan an kwantar da mutum a kan damansa fuskarsa ta kalli alƙibla. Suka koyi sauri, domin mu ba ma ajiye gawa. Mutanen Tudu kuma suka koyi ramin akwati, mai faɗi da zurfi da miƙaƙƙen bango, har karan da ake kawo mana ya koma biyu a ɗaure, ɗaya tsawo ɗaya faɗi. A da burkutu ake ba masu haƙa. Da Tudu suka musulunta, matan Rafi suka ware sabuwar tukunya da giya ba ta taɓa shiga ba, suke dama mana kunu a ciki, su ɗauko shi a kafaɗa har bakin rami. In za a yi sallar jana'iza, mutanen Rafi su koma gindin bishiya su cire huluna. In ana waƙar coci, mu tsaya a baya bakinmu a rufe. Ba wanda aka ce ya shiga ibadar wani. Babu malamin da ya zauna ya tsara wannan, babu fasto. Manoma ne suka tsara wa kansu, mutuwa bayan mutuwa.

Yaya Tanko shi ne babban masu haƙa a Tudu, Bulus a Rafi. Yaya ba ya wasa da salla, idan liman ba ya nan shi ake turawa gaba. Bulus shi ke kaɗa ganga a cocinsu. In ka ga su biyun a tsaye a maƙabarta suna gardama a kan inda dutse yake a ƙarƙashin ƙasa, ba za ka ce ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Sai birni ya zo. Na bar gona na shiga leburanci a wajen gine-gine, ina kwana a sansanin ma'aikata. A can na haɗu da wani matashin malami daga can Arewa, mai zaƙin murya, mai Larabci a baki. Ba zan ci amanarsa ba, shi ya gyara mini Fatiha, shi ya koya mini alwala yadda take, shi ya raba ni da layu. Amma a wajensa na koyi jin kunyar duk abin da na taso na tarar a gidanmu. Na daina amsa gaisuwa da yarenmu a ƙofar masallaci. Na canza hula, na canza tafiya. Har na tilasta wa matata ta daina ɗaukar kaya a kafaɗa irin na matanmu, ta riƙa ɗauka a ka, wai ɗauka a kafaɗa na arna ne. Baiwar Allah ta yi wata guda wuyanta na ciwo, tana zubar da ruwa a hanya, ni kuwa ina jin na ɗaukaka addini. Kuma gaskiyar da ta fi yi mini nauyi ita ce, malamin nan bai taɓa yin maganar haƙa kabari ba. Ni na ƙara wannan da kaina, don a ga na fi kowa zafi.

Innarmu ta rasu da asuba, cikin damina. Yaya Tanko ya aika da kara kamar yadda aka saba. Labari ya same ni a wajen aiki, na iso da hantsi tare da abokaina uku na sansani, ban ma shiga gida ba na wuce maƙabarta. Na tarar Bulus a cikin ƙaramin ramin, laka har gwiwa, mutanensa suna kwashe ƙasa.

Ya ɗago kai ya ce, "Sannu Audu. Allah ya ji ƙan Inna."

Na ce, "Fito."

"Saura kaɗan. Bari in gyara wajen kai, akwai saiwa."

"Na ce ka fito. Hannun da ba ya alwala ba zai taɓa makwancin uwata ba."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Uwarka? Ni ma ta goye ni, Audu. Kafin a haife ka."

Na miƙa hannu na kama digar. Bai ja da ni ba. Ya sake mini ita, ya dafa bakin ramin ya fito, ya yi wa mutanensa magana da yarenmu suka tattara shebur suka koma gefe. Wani ya ruga ya kira Yaya Tanko daga inda yake saran itacen rufi. Ya zo ya ja ni gefe, ya tambaye ni da yarenmu a hankali, a wane littafi na ga haka. Na ba shi amsa da Hausa, da ƙarfi, don abokaina su ji. Na ce, "Yaya, kai ba ka yi karatu ba, ka bar waɗanda suka sani su yi." Ya juya ya koma saran itacensa. Ba mutumin da zai yi hayaniya gawar uwarsa na jira ba ne. Mu huɗu muka ƙarasa ramin, kuma babu wanda ya taɓa haƙa kabari a cikinmu, har muka fasa bakinsa sai da aka tokare da duwatsu.

Ba a yi shekara biyu ba aka tashe mu gaba ɗaya aka kawo mu Kubwa. A nan fushina ba a kaina kaɗai yake ba. Aka ƙirga ɗakuna, aka ƙirga bishiyoyin mangwaro, ba wanda ya tambayi kaburbura. Katafilar da ta bi ta kan maƙabartarmu ba ta tsaya ta bambance wanda mai alwala ya haƙa da wanda marar alwala ya haƙa ba. Kabarin da na tsaya ina tada jijiyar wuya a kansa, yau ban san ko ƙarƙashin titi yake ko ƙarƙashin ɗakin girkin wani babban ma'aikaci ba. Inna tana wani wuri a Gwarinpa, iyakar abin da na sani ke nan.

A Kubwa aka ba mu fili a bayan gari don binne mutanenmu. Yaya Tanko da Bulus su suka je suka share shi, suka kafa duwatsu, suka daidaita alƙibla da masallacin unguwa da fitowar rana. Amma kara bai sake zuwa daga Rafi ba. Kuma kada a ɗauka mu kaɗai muka lalace. Su ma sun sami nasu irina. Samarinsu suka shiga sababbin coci masu lasifika, inda aka gaya musu duk abin da kakanni suka bari aikin duhu ne, har gangar Bulus aka ce a fitar da ita a kawo ta Turawa. Ni na fara, su suka ƙarasa.

Yaya Tanko bai daina ba. Duk ran da ya ji an yi mutuwa a Rafi, ba a aiko ba, sai ya saɓi digarsa shi kaɗai ya tafi. Wani lokaci su bar shi ya taya su, wani lokaci ya tarar an ɗauko 'yan haya sai ya tsaya a gefe har a gama. Samarin masallacinmu, waɗanda ni na zaunar na karantar, suka sa masa suna mai haƙa wa arna. Wata la'asar liman ya yi tafiya, tsofaffi suka tura Yaya gaba, sai na zare jikina daga sahu a gaban kowa. Samarin suka biyo ni. Ya yi sallarsa da tsofaffi biyu a baya. Da ya fito ya same ni a waje, ya yi mini sallama, ya tambayi jikin yara.

Bayan ranar Inna, sau ɗaya tak ya taɓa yi mini magana a kan abin. Muna zaune a ƙofar gidansa yana ɓare gyaɗa, ya dubi kaina ya ce, "Audu, hular nan taka daga Makka take ko daga Kano?" Bai jira amsata ba. Ya ce, "Wanda ya kawo mana addini, da kayan garinsu ya haɗo ya kawo. Ba laifi, kowa haka yake yi. Amma kai ka karɓi addinin, ka karɓi kayan, sannan ka juyo ka ce namu ne datti. Ka zauna ka ware mini, wanne ne na Allah, wanne ne na garin wani." Na tashi na kaɗe rigata na tafi. Na yi shekaru ban iya ware masa ba.

Lokacin da ciwon ajali ya kama shi, zafina ya riga ya huce. A cikin raina na san na yi kuskure, amma ban faɗa wa kowa ba, domin a unguwa ana ce mini Malam, kuma babban ɗana Nasiru ya zama na gaba-gaba a samarin masallaci. Kwana biyu kafin Yaya ya cika, da rana, ya sa aka fita aka bar mu. Ya ce, "Ka aika wa Bulus da kara. Na gaya maka, Allah yana ji." Na ce to, Yaya.

Ya rasu da safe. Na shiga bayan gida na yanko kara, na gwada shi da hannuna. Ina fitowa Nasiru ya tare ni.

"Baba, ina za a kai wannan?"

"Baffanka ya bar wasiyya. Gidan Bulus."

Ya dubi mutanen da suka fara taruwa a ƙofar gida, ya rage murya. "Baba, kai fa ka koya mana. Yau in ka aika, me za ka ce wa mutanen nan? Cewa za ka yi duk shekarun nan ƙarya ka yi mana?"

Amsar ita ce e. Kalma ɗaya ce, kuma da na faɗe ta da yau ba na wannan rubutun. Sai na miƙa masa karan. Ya hau babur ya je mararrabar da leburori ke zama jiran aikin gini, ya ɗauko mutum uku.

Muna maƙabarta ana jiran a kawo gawa sai ga Bulus, kansa fari fat, diga a kafaɗa. Ba wanda ya aika masa, a bakin mutane ya ji. Ya tarar an gama. Ya zagaya ramin sau ɗaya, ya dubi duwatsun da suka kafa shi da Yaya, ya matso kusa da ni.

"Audu, ramin nan ya karkace. In kuka kwantar da shi haka, ba alƙibla zai kalla ba. Ka ba ni rabin awa."

Nasiru ya ji. Ya ce, "Yanzu kuma Kirista ne zai nuna mana alƙibla?"

Wasu suka yi 'yar dariya. Makara ta riga ta shigo. Bulus ni yake kallo, ba yaron ba, ni kuwa na sunkuyar da kai ina gyara zaman itacen rufi. Muka sa Yaya Tanko a ramin yadda yake. Ana mayar da ƙasa na ji ɗaya daga leburorin ya kira ɗan'uwansa, "Sande, kawo shebur." Na juya na tambaye shi sunansa. Ya ce, "Sande ne, oga." Ga ɗan gicciye a zare yana lilo a cikin singiletinsa. Ashe duk da haka hannun Kirista ne ya haƙa wa yayana kabari. Bambancin kawai, na kori wanda ya san shi, ya iya aikin, yake kuka dominsa, na kawo baƙon da bai san ko sunan mamacin ba.

Bayan shekaru, da wayoyin nan masu nuna alƙibla suka zo, mun je ziyara da Nasiru, shi da kansa ya ɗora wayarsa a kan kabarin. Na ga fuskarsa ta canza. Ya juya wayar, ya sake ɗorawa. Ya mayar da ita aljihu muka kama hanyar gida, ni ma ban tambaye shi ba. Daga baya na je wajen wani dattijon malami da ya yi karatu na gaske, na ba shi labarin duka. Ya ce shi dai bai san inda aka hana wanda ba Musulmi ba haƙa rami ba, wanka da likkafani da salla su ne namu. Game da karkacewar ya ce tun da an daɗe a bar bawan Allah ya huta, Ubangiji ya san inda zuciyarsa ta kalla. Na fara jin sanyi, sai ya ce, "To wasiyyar da ka danne fa?" A kan wannan bai ba ni wani sauƙi ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya Tanko zai ce da ya ga yau. Ina jin zai fara da yin shiru, kamar yadda ya saba, amma ni ba zan yi shirun ba. Kullum da safe motocin Kubwa cike suke, Musulmi da Kirista a matse kafaɗa da kafaɗa har cikin gari, wannan ya riƙe wa wancan jaka, amma a ce ɗaya ya tsaya a bakin kabarin ɗaya sai ya fara waige-waige. Jikokina da jikokin Bulus ba su san kakansu ɗaya ne ba. Abin da suka sani shi ne faifan da ake turo musu a waya, wani da rawani yana zagi, wani da kwat yana ramawa, kuma na rantse babu ɗaya a cikin masu ihun nan da ya taɓa riƙe diga ya haƙa wa wani rami. Suna cewa sun tsarkake addini daga al'ada. Ƙarya ne. A wajen Kiristoci ana ajiye gawa wata biyu a firiji ana jiran a ɗinka anko, a buga hoton mamaci a riga. A wajenmu ana jinkirta jana'iza ana jiran wani babban mutum ya iso da jiniya, samari na ɗaukar hoton makara suna watsawa. Waɗannan ba al'ada ba ne? A wace aya suke? Ba wanda ya hau mumbari ya ce datti ne, domin al'adar masu hali ce, ta zo da mota. Al'adar manomi ce kaɗai ake kira shirka ko aikin duhu. Addini bai taɓa zama a gari ba tare da ya ɗauki wani abu na garin ba. Namu ya ɗauki abin da ke sa mutum ya kasa ƙin ɗan'uwansa har abada, muka fizge shi muka jefar, muka sa masa na nuna isa.

Makon jiya na hau mota na je Kado. Bulus yana gidan ɗansa Istifanus, mai sana'ar kifi, a bayan kasuwa. Rabona da shiga ɗakin da yake kwana tun muna ƙauye. Na same shi a jingine da filo, ya rame har na tsorata, amma idonsa na nan yadda na san shi.

"A'a, Alaramma da kansa. Istifanus, shimfiɗa masa abu mai tsarki, kada mu ɓata masa alwala."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Yaya Bulus, roƙo na zo yi."

"In kifi ne ga mai shi nan."

"Idan lokaci ya yi, ina so a aiko mini. Ina so in haƙa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kai? Ka taɓa haƙa na akwati? Na Inna ma ina tsaye a gindin bishiya ina kallonka, ka fasa bakin ramin. Yanzu da ƙyar kake ɗaga buta, marmarar garin nan za ka sara?"

Istifanus yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, "Baba Audu, kada ka ji haushi. Coci ta riga ta tsara komai, akwai masu yin aikin. Kuma fastonmu ba ya son a shigo da abubuwan gargajiya."

Bulus ya nuna shi da haɓa. "Ka ji shi ko? Wannan naka ne, a gidana kawai aka haife shi."

Na ce wa Bulus ya yafe mini. Ya daina dariya. Ya ce ta ranar Inna ya yafe tun da daɗewa, domin yarinta ce. "Amma ta Tanko ba tawa ba ce, Audu. Shi ya roƙe ka, ba ni ba. Ba zan yafe abin wani ba." Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara laluben takalmina, sai ya ce in dakata.

"Haƙa dai ba za ka iya ba, kuma ba za su bar ka ba. Amma 'yan hayar nan sauri suke yi su tafi wani aikin. Na ga inda aka kai mutum akwati ya ƙi shiga, ana sassaƙar rami matarsa na kallo. Ba na son a yi mini haka. Ka je tun da sassafe ka tsaya a kansu. Faɗin ya wuce akwati da tafin hannu biyu ta kowane gefe. Bango ya miƙe, kada ya tsuke daga ƙasa. Wajen kai kada a bar dutse. Maimaita in ji."

Na maimaita, ina tsoho mai jikoki, kamar ɗan aji ɗaya. Na manta na tsukewar, ya sa na sake daga farko. Sannan ya dubi ɗansa. Istifanus ya sosa ƙeya ya ce tsayawa dai ba ya jin fasto zai hana, zai buga mini waya.

Da na gaya wa Nasiru, bai ce haramun ne ba. Ya san abin da wayarsa ta nuna masa. Cewa ya yi, "Baba, mutane za su yi magana." Na ce masa saboda maganar mutanen nan baffansa yake kwance a karkace shekara goma sha tara, kuma wannan karon ni zan riga su faɗa.

In an tambaye ni me ya rage na Yaya Tanko, ba zan yi ƙarya don in ƙawata rubutu ba. Bai bar gida mai bene ba, bai bar almajirai ba, ƙauyen da ya sani babu shi, ƙa'idar da ya tsare shi kaɗai ta mutu kuma ba na jin za ta tashi. Bai ci nasara a kaina ba yana raye, wasiyyarsa ma ban cika ba, kuma wanda zai yafe mini ita ba ya nan. Abin da ya rage ɗan kaɗan ne. Akwai tsoho ɗaya a Kado da har yanzu yake ganin ɗan Tudu ya cancanci a ba shi amanar raminsa, kuma ba don halina ba ne, don ni ƙanin Tanko ne. Allah ya ji ƙan Yaya, ya daidaita masa abin da muka karkatar.

Ku kuma abokan sahuna, ran da kuka ji an ce an ga Malam Audu da sassafe a maƙabartar Kirista yana yi wa leburori faɗa, kada ku wahalar da kanku da bincike. Ni ne. Kuma ba zan bar wajen ba sai na ga akwatin ya sauka har ƙasa bai taɓa bango ba.